Salon Magana Kan Jiki da Lafiya: Jagora ga Jama'a da Ma'aikata a Sabon Birni da Isa

A asibitocinmu majinyaci yana bayani da Hausa, ma'aikaci kuma yana rubuta rahoto da Turanci. Kowane harshe yana da salon maganar da ba a ɗaukarsa kalma da kalma, kuma kuskuren fahimta kan jawo jinkirin magani. Saboda haka muka tattaro kaɗan daga ciki.

Na Turanci

Passed out: ya suma. A Nijeriya ana kuma faɗinsa ga wanda ya kammala horon soja ko yi wa ƙasa hidima.

Passed away: ya rasu. Kalma ɗaya ce ta raba shi da na sama, don haka mai kai saƙo ga iyali ya tabbatar kafin ya buɗe baki.

Running a temperature: jiki ya yi zafi, wato zazzaɓi, ko masassara kamar yadda Gobirawa ke cewa.

Running stomach: gudawa, a Turancin Nijeriya.

Under the weather: rashin jin daɗin jiki mara tsanani; ba ruwansa da yanayin sama.

Na Hausa

"Da sauƙi" amsa ce ta ladabi da tawakkali. Bahaushe kan faɗe ta ko ciwo ya ci ƙarfinsa. Kada ma'aikaci ya rubuta cewa an samu lafiya. Ya tambayi yaushe ciwon ya fara, kuma ina yake.

"Juna biyu" ko "ta yi nauyi" na nufin ciki. Kunya kan hana mace faɗa kai tsaye, alhali akwai magungunan da ke cutar da ɗan tayi.

"Ciwon zuciya" na iya zama cutar zuciya, yana kuma iya zama baƙin ciki.

Abin lura

Annobar sanƙarau ta 2017 ta shafi Sakkwato da Zamfara, a 2024 kuma an samu yara masu kumburin ciki a Ƙaramar Hukumar Isa. A irin wannan hali, bayani dalla-dalla shi ke sa hukuma ta gano cuta da wuri. Muna kira ga hakimai, masu unguwanni da kansiloli su riƙa bayyana alamomin da suka gani: zafin jiki, sandarewar wuya, amai ko kumburi. Wanda bai gane abin da aka rubuta a katinsa ba, ya nemi a fassara masa kafin ya bar asibiti.