Gitar Jaco da masu gyaranta

A lakwal tarihin sarakuna da yaƙe-yaƙe muke koyarwa, da wuya ka ji an ambaci mai gyara. Shi ya sa yau na ɗauko labarin wata gita daga Amurka, wadda aka yi wa babban gyara har sau biyu.

Gitar bas ita ce mai tsirkiya huɗu da kakkaurar murya, ita ke riƙe gindin kiɗa. Wadda nake magana a kai kamfanin Fender ne ya ƙera ta a 1962, samfurin Jazz Bass. Daga baya ta shiga hannun Jaco Pastorius, wanda aka haifa a 1951, ya tashi a jihar Filorida, ya kuma shiga ƙungiyar Weather Report a 1976.

Gyaran farko da kansa ya yi shi. A wuyan gita akwai ƴan ƙarafuna a gicciye, su ke tsayar da kowace murya a wurinta. Jaco ya ce da wuƙar cin abinci ya ɓamɓare su. Ya cike guraben, sannan ya shafe wuyan da wani gam mai tauri irin wanda ake shafa wa jiragen ruwa, don kada tsirkiyar ƙarfe ta cinye icen. Duk wanda ya taɓa riƙe gurmi ko garaya ya san irin wannan wuya: ba abin da ke nuna wa yatsa inda zai tsaya sai kunne. Muryar gitar ta koma tana zamewa kamar ta goge. Ita ake ji a faifansa na 1976 da kuma faifan Hejira na Joni Mitchell, daga nan makaɗa da yawa suka shiga cire ƙarafunan nasu.

Gyara na biyu ya zo ne a 1986, lokacin da taɓin hankali da shaye-shaye suka ci ƙarfinsa. Gitar ta farfashe, aka kai tarkacen wurin Kevin Kaufman da Jim Hamilton a Filorida: manyan gutsattsari 15 da wasu ƙanana. Suka liƙa su ɗaya bayan ɗaya, suka cike inda ice ya ɓata. Don jikin ya iya ɗaukar jan tsirkiya, sai suka rufe gaba da baya da sabon falankin ice. Ke nan tsohuwar fuskarta, da duk zanen da gumi da farce suka bari, ta tafi.

Mai son kayan tarihi zai ce wannan ba ita ba ce kuma. Ni ina bayan masu gyaran. Ba don a rataye ta a bango aka kawo musu ita ba, makaɗi ne ke jiran abin sana'arsa. Aiki ne na lissafi da haƙuri da sanin halin ice. Mu kuwa, malamai da iyaye, sai yaro ya faɗi jarrabawar BEPC muke tuna akwai kafinta a unguwa, mu kai shi kamar wanda ake yi wa horo.

Jaco bai daɗe da ita ba. A shekarar ce aka sace ta a kan wani benci a wurin shaƙatawa a Niyok. A watan Satumba na 1987 ya mutu bayan dukan da wani mai gadin gidan rawa ya yi masa, yana da shekara 35.

Sai a 2006 ta ɓulla a wani kantin kayan kiɗa a Niyok. Rigima tsakanin mai kantin da iyalin Jaco ta kai har kotu. A 2010 Robert Trujillo, mai kaɗa bas a ƙungiyar Metallica, ya sa kuɗinsa aka sasanta. Shekara guda bayan haka ya hau dandali da ita a Niyok, ya kaɗa ta a gaban dubban mutane.