Yadda Aka Tattaro Tarihin Arp Schnitger, Maƙerin Ogan

A majami'ar St. Jacobi da ke birnin Hamburg na ƙasar Jamus akwai wani abin kiɗa da ya kai girman ɗaki. Ogan ne mai bututu. Aikinsa ya yi kama da na maƙeri a gindin wuta: zugazugi ke tura iska cikin wani akwatin katako, makaɗi ya danna madanni, sai ƙofa ta buɗe iska ta shiga bututun kuza da dalma, sauti ya fito kamar na sarewa. Wani bututun bai wuce ɗan yatsa ba, wani ya ninka tsayin mutum sau biyar. Arp Schnitger ne ya ƙera wannan tsakanin 1689 da 1693, da jerin sautuka 60. Yau duk mai nazarin ogan ya san sunansa, amma an yi zamanin da labarinsa ya kusa shafewa, sai da aka tsinto shi guntu-guntu.

An haife shi a 1648 a ƙauyen Schmalenfleth, yankin Oldenburg. Ɗan kafinta ne, ya fara da sana'ar gidansu, sannan ya koyi ƙirar ogan a hannun ɗan'uwansa Berendt Hus. Tare suka yi na majami'ar St. Cosmae a garin Stade. Da Hus ya rasu a 1676 sai almajiri ya ɗauki ragamar aiki. Daga baya ya koma Hamburg, inda ya yi wa majami'ar St. Nikolai wani ƙaton ogan mai jerin sautuka 67. Kafin rasuwarsa a 1719, wajen ogan 170 sun bi ta hannunsa, tsakanin sababbi da waɗanda ya sabunta. Aikinsa ya bazu a arewacin Jamus da Holan, har ya kai Fotugal. Kusan 30 ne suka rage.

Mai binciken irin wannan mutum yana da matsala guda: maƙeri ba ya rubuta littafi. Sirrin sana'a daga hannu yake zuwa hannu. Abin da yake bari a takarda shi ne yarjejeniyar kwangila, da rasit, da wasiƙar neman cikon kuɗi. Su ma suna warwatse a akwatunan majami'un ƙauye da ma'ajiyar takardun gari, an rubuta su da tsohon rubutun Jamusanci wanda ko Bajamushen yau sai ya koya kafin ya karanta. Mai bincike zai wuni yana buɗe littafin kashe kuɗin coci, ya bi layin kuɗin kyandir da na gyaran rufi, kafin ya ci karo da layi ɗaya da ke cewa an biya maƙerin ogan kaza, an ciyar da yaransa mako kaza. Daga wannan layin ne ake gane shekarar aiki da tsawonsa.

Schnitger ya bar wasu bayanai da hannunsa game da ayyukan da ya yi. Takardun sun bi zuriyar sana'arsa zuwa Holan, domin 'ya'yansa sun koma can suka kammala ogan ɗin Zwolle a 1721, bayan haka Albertus Hinsz ya gaji masana'antar a Groningen. A 1853 da 1854 wani makaɗin ogan na Groningen, Siwert Meijer, ya buga abin da ya ciro daga takardun a mujallar kiɗa ta Caecilia, cikin harshen Holan. Daga baya na asalin suka ɓata. Ke nan muryar Schnitger da muke ji a yau ta hannun mai kwafi ta iso mana, a wani harshe, a shafukan tsohuwar mujalla. Da Meijer ya yi kasala, da wannan ƙofa ta rufe har abada.

Su kansu kayan kiɗan ba duka suka tsira ba. Gobarar Hamburg ta 1842 ta cinye na St. Nikolai. A ƙarni na 19 kunnen mutane ya sauya, majami'u masu kuɗi suka riƙa cire tsofaffin bututu suna sa na zamani. A 1917 gwamnatin Jamus ta kwashe bututun kuza na gaban ogan-ogan don yaƙi, har da na St. Jacobi. Ƙauyen Cappel kuwa, rashi da nisa ne suka yi masa rana. Mutanensa sun sayi ogan ɗin Schnitger na 1680 daga wata majami'ar Hamburg a 1816, ba su da abin sabunta shi, sai ya zauna kusan yadda aka ƙera shi, bututun gabansa ma ba a taɓa su ba. Da tsohuwar zuma ake magani: faifan da Helmut Walcha ya naɗa a can a farkon shekarun 1950 suka sa duniya ta ji yadda wannan sauti yake.

Farfaɗowar martabar Schnitger ta fara ne bayan yaƙin duniya na ɗaya, lokacin da marubuci Hans Henny Jahnn ya tsaya kai da fata a kan a gyara ogan ɗin St. Jacobi. A ɓangaren takardu kuma, Gustav Fock, malamin kiɗa a Hamburg, ya shafe shekaru gommai yana bin ma'ajiyai gari-gari. Ya fara tun kafin yaƙi na biyu, babban littafinsa a kan Schnitger da almajiransa bai fito ba sai a 1974, shekarar da ya rasu. A 1942 an kwashe bututun St. Jacobi da akwatunan iskarsa aka ɓoye. A 1944 majami'ar ta ƙone, gidan katakon ogan ya tafi, amma bututun suna nan.

Inda takarda ta ƙare, sai aka koma tambayar ƙarfe. Masana irin su Cornelius Edskes na Groningen suka riƙa ciro bututu ɗaya bayan ɗaya, suna auna faɗinsa da kaurinsa, suna duba ɗan harafin da maƙeri ya karta kusa da bakinsa don ya tuna gurbinsa. Kowace masana'anta da irin hannunta. Ta haka ake bambance bututun Schnitger da na magabatansa, dangin Scherer da Gottfried Fritzsche, waɗanda ya tarar a St. Jacobi bai zubar ba. Da wannan ilimi Jürgen Ahrend ya maido da ogan ɗin tsakanin 1989 da 1993, shekara 300 cif bayan kammala shi. A Göteborg ta Suwidin ma masu bincike sun sake koyon zuba narkakken ƙarfe a kan shimfiɗar yashi kamar yadda ake yi a da, suka ƙera sabon ogan a kan salonsa, aka buɗe shi a 2000.

Schnitger yana kwance a majami'ar Neuenfelde, kusa da ogan ɗin da ya ƙera mata. Abin da muka sani game da shi, bashi ne da muke ɗauke da shi na magatakardan coci da ya rubuta kowane kwabo, da makaɗin da ya kwafi takarda kafin ta ɓata, da mutanen da suka sauke bututu zuwa maɓoya ana tsakiyar yaƙi.