Ranar da aka ci Mena 3, amma muka tafi CAN

Duk sa'ad da Mena ta sha kashi, magana ɗaya ce a fada: "Shi ke nan, mun fita." To jama'a, mu tuna da 8 ga Oktoba 2011.

Ran nan a Alƙahira, Masar ta zuba mana 3 da nema. Da yawanmu mun fid da rai. A daidai lokacin, Afirka ta Kudu ta tashi 0-0 da Saliyo, 'yan wasanta har rawa suka taka cikin fili, suna zaton yawan ƙwallaye ya ba su tikiti.

Ashe dokar CAF ba haka ta ce ba. Mu uku kowa maki 9 gare shi, sai aka duba wasannin tsakaninmu: Nijar 6, su kuwa 5-5. Haka yaran Harouna Doula suka kai mu CAN karon farko, a 2012.

Ina muka samo makin nan 9? Duka a Yamai, filin Seyni Kountché. Masar 1-0 da ƙwallon Moussa Maazou, Saliyo 3-1, Afirka ta Kudu 2-1. A waje ko maki ɗaya ba mu ɗauko ba.

A 'yan shekarun nan kuwa, Mena ta sha karɓar baƙinta a Maroko don CAF ba ta amince da filinmu ba. Kafin mu zagi yara, mu tambayi magabata: yaushe ƙwallo za ta zauna gida?