Wai yaƙi ne ya ceto tattalin arzikin Amurka?

Duk sanda aka taɓo karayar tattalin arziki ta 1929 a ajinmu, sai wani ya ce ai Yaƙin Duniya na Biyu ne ya fitar da Amurka. Har na ji masu cewa mu ma abin da ya rage mana ke nan. A yi hattara fa, jama'a.

A 1933, cikin ma'aikata huɗu a Amurka kusan ɗaya ba shi da aiki. Shirye-shiryen Shugaba Roosevelt sun ɗan kawo sauƙi, amma a 1937 gwamnati ta tsuke bakin aljihu, abu ya sake dagulewa. Da Japan ta kai hari Pearl Harbor a Disambar 1941, kuɗin da ake ta jan ƙafa a kai sai ga shi ya fito ba gardama. A farkon 1942 aka dakatar da ƙera motocin farar hula, masana'antu suka koma tankoki da jirage. Kamfanin Ford a Willow Run ya kai yana fitar da jirgin yaƙi kusan ɗaya a kowace awa. Zuwa 1944 rashin aiki ya sauko ƙasa da kashi 2 cikin ɗari.

To amma duba da kyau. Da yawa daga cikin masana'antun nan dama suna nan, a kwance suke kawai, mai saye suka rasa sai gwamnati ta zama mai sayen. Mutum wajen miliyan 12 kuma kaki aka sa musu, dole layin masu neman aiki ya ragu. Sukari, nama, fetur, duk da kati ake saye. Albashi akwai, abin saye babu, sai mutane suka yi ta ajiya, ita suka kashe bayan 1945. Sannan ko bom ɗaya bai faɗa Detroit ba. Jamus ma ai ta ƙera makamai, kufai ta ƙare.

Mu a nan yaya aka yi? Da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa kuza, sai ta juyo Jos. Aka riƙa kwaso manoma da ƙarfi daga lardunan Arewa zuwa haƙar kuza, abin da mutanenmu suka kira ɗiban gwamna. Sanyi da yunwa da cuta suka kashe da dama. Kuza ta tafi Ingila, kaya suka yi tsada, albashi bai bi su ba. A Yunin 1945 ma'aikatan jirgin ƙasa da sauran na gwamnati suka shiga yajin aiki, sama da wata guda ba su koma ba.