TARIHI: Yadda Rashawa suka ari rawa, suka riƙe ta har ta zama tasu

Mu da muke zaune a Mararaban Rido, bakin hanyar Kaduna zuwa Kachiya, mun san darajar rawa. Ranar Asabar ba ka rasa jin ganga a wani gidan biki. Ƙarshen shekara kuwa motoci cike suke wucewa kudu, domin ranar 1 ga Janairu ake bikin Afan a Kagoro, kusa da Kafanchan. Shi ya sa tarihin rawar bale ta Rasha ya tsaya mini a rai.

Asalin rawar nan ba na Rasha ba ne. A fadojin Italiya aka haife ta, ta yi wayo a Faransa. A 1738 Sarauniya Anna ta amince wa wani Bafaranshe, Jean-Baptiste Landé, ya buɗe makarantar rawa a St. Petersburg. Ɗaliban farko 'ya'yan barorin fada ne. Makarantar na nan har gobe. A Mosko kuma, ƙungiyar rawa ta Bolshoi daga 1776 take ƙirga shekarunta.

A 1847 wani Bafaranshen, Marius Petipa, ya sauka a St. Petersburg, ya zauna a Rasha har ya mutu a 1910. Shi ya daidaita tsarin da ake bi yau: labari guda a ba da shi da jiki, ba magana ko ɗaya, mata su tsaya kan tsinin yatsun ƙafa, mutum ashirin da wani abu su ɗaga hannu kamar mutum ɗaya. Da kiɗan Tchaikovsky aka yi wasannin Swan Lake a 1877, Sleeping Beauty a 1890, Nutcracker a 1892.

Sai baƙuwa ta koma gida da kaya. A 1909 Sergei Diaghilev ya kai 'yan rawar Rasha birnin Faris, Faransawa suka yi ta tururuwa zuwa kallon abin da kakanninsu suka koyar. 'Yar rawa Anna Pavlova ta zaga duniya, har Indiya, Japan da Ostareliya, kafin rasuwarta a 1931.

Abin da ya fi burge ni shi ne juyin juya halin 1917. Sarauta ta faɗi, amma rawar fada ba ta bi ta ba. Malama Agrippina Vaganova ta tattara dabarun koyarwa, ta fitar da su a littafi a 1934. Yaro ya shiga makarantar rawa yana ɗan shekara goma, ya shafe shekara takwas yana maimaita motsi ɗaya har ya zauna masa a jiki. Da Bolshoi ta je Landan a 1956, ana tsakiyar yaƙin cacar baka, mutane sun kwana a layi don samun tikiti.

Afirka ma ta gwada. Fodéba Keïta ya kafa Les Ballets Africains a Faris cikin shekarun 1950, daga baya ta zama ƙungiyar ƙasar Gini. A Kano an haɗa salon Hausa da na Fulani aka fitar da rawar Koroso. 

To mu fa? Muna da Afan, muna da Tuk Ham a Kwoi, ga rawar Bajju, Atyap, Adara da Gbagyi, kowace da kiɗanta da ma'anarta. Gwaninta ba ta yi mana ƙaranci ba. Matsalar ita ce a ƙafar tsofaffi take zaune, in tsoho ya kwanta dama sai wani taku ya bi shi kabari.

Rashawa sun fara ne da makaranta guda da 'ya'yan barori. Mu ma muna da azuzuwan da ke rufe kowace Asabar, muna da waya mai ɗaukar bidiyo, muna da dattawan da suke raye. Wanda a gidansu akwai Baba ko Mama da ta san takun gargajiya, ya je ya durƙusa ya ce a koya masa, tun bana kafin Afan ta zagayo.