Zaɓen fid da gwani na APC a Zamfara, 2018

Zaɓen fid da gwani na jam'iyyar APC a jihar Zamfara a 2018 shi ne wanda taƙaddamarsa ta raba jam'iyyar da kujerun da ta ci a babban zaɓen 2019. Cikinsu har da duk kujeru 24 na majalisar dokokin jihar, waɗanda shida daga ciki na arewacin jihar ne: Ƙaura Namoda biyu, Zurmi biyu, Shinkafi ɗaya, Birnin Magaji ɗaya.

Rikicin ya tashi ne tsakanin ɓangaren Gwamna Abdul'aziz Yari da ƙungiyar G8 ta su Sanata Kabiru Marafa. Hukumar zaɓe INEC ta ce wa'adin 7 ga Oktoba, 2018 ya wuce ba a yi zaɓen ba. Babbar kotu a Gusau ta ce an yi, kotun ɗaukaka ƙara a Sakkwato ta rushe wannan hukuncin.

Ranar 24 ga Mayu, 2019 Kotun Ƙoli ta ce ƙuri'un APC sun tashi a banza. Kusan duk kujerun majalisar suka koma hannun PDP, Nasiru Mu'azu Magarya daga Zurmi ya zama kakakinta.