Jami'in Kula da Ɗalibai Masu Naƙasa a Jami'o'in Faransa

Dokar 11 ga Fabrairu 2005 ta wajabta wa jami'o'in Faransa karɓar ɗalibai masu naƙasa da yi musu gyare-gyaren da karatunsu yake buƙata. Mai ɗauke da wannan aiki a jami'a shi ne jami'in da ake kira référent handicap. Ɗalibin da ya fito daga Kamaru, Chadi ko Nijar yana da damar neman taimakonsa kamar ɗan ƙasa.

Sai dai taimakon ba ya zuwa da kansa. Ɗalibi ne zai je ofishin ya bayyana halinsa, kuma gara tun farkon shekarar karatu, don ana daɗewa kafin takardu su fito. Daga nan zai ga likitan da hukuma ta amince da shi, yawanci a ɗakin shan magani na jami'ar. Likita ya ba da shawara, shugaban jami'a ya yanke hukunci, jami'in ya bi malamai don a aiwatar. Malamai za su san gyaran da aka ba shi, amma sunan cutar yana wajen likita.

Gyaran da ya fi shahara shi ne ƙarin kashi ɗaya bisa uku na lokacin jarrabawa: ta awa 3 ta koma awa 4. Akwai kuma ɗaki na daban, kwamfuta, ko mai rubuta wa ɗalibi amsar da yake faɗa. A aji, kurma kan samu mai fassara da maganar hannu, makaho a mayar masa da darussa rubutun Braille ko na kwamfuta. Sau da yawa ɗan ajinsu ake biya ya riƙa rubuta masa darasi.

Abin da yawancin baƙi ba su sani ba shi ne dokar ba ta tsaya ga makafi, kurame da guragu ba. Ta haɗa da ciwon da ba a gani in yana hana karatu, kamar sikila ko farfaɗiya. Mai sikila da ya yi shiru don kunya, kansa yake cuta.

Taimakon wanka, cin abinci da sauran hidimar yau da kullum ba aikin jami'a ba ne. Wannan na ofishin MDPH ne na yankin da ɗalibi yake zaune. Ɗakin kwana mai saukin shiga da keken guragu kuwa, a wajen CROUS ake nemansa.